Alƙalin da Ya Ɗora wa Gari Haraji

A watan Satumba na 1987, mutanen birnin Kansas da ke jihar Missouri a Amurka suka wayi gari an kusan ninka musu harajin gidaje da filaye. Majalisar jiha ba ta zauna a kai ba, su ma ba a tambaye su ba. Hasali ma duk lokacin da aka kai maganar ƙarin gaban akwatin zaɓe, faɗuwa take yi. Mutum ɗaya ne ya sa hannu a takarda, wani alƙalin kotun tarayya mai suna Russell Clark. A da, a kan kowace dala 100 ta ƙimar da hukuma ta yi wa gidan mutum, dala 2 da santi 5 yake biya domin makarantu. Alƙali ya ce daga yau dala 4 ce. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara kashi 1.5 cikin ɗari a kan harajin abin da mutum ya samu da aikinsa a yankin, ko da kuwa a wani gari yake kwana.

Wanda ya ji labarin daga nan zai ce wannan alƙali ya wuce gona da iri. Ni ma ra'ayina ke nan a ƙarshe. Amma rashin adalci ne a yanke wa Clark hukunci ba a ji abin da ya tarar ba, domin ruwa ba ya tsami banza.

Jihar Missouri ta daɗe tana tauye wa baƙar fata ilimi, kuma da doka take yi. A 1847 ta haramta a koya wa baƙin mutum karatu da rubutu. Bayan an 'yanta bayi, sai tsarin mulkin jihar ya wajabta raba makarantu, na farare daban, na baƙaƙe daban. Kotun Ƙolin Amurka ta rushe irin wannan wariya a 1954, a shari'ar nan ta Brown, amma sai a 1976 Missouri ta goge sashen daga kundinta. A birnin Kansas kuwa, akwai wani titi mai suna Troost da ya zama iyaka: gabas da shi unguwannin baƙaƙe, yamma na farare, kuma hukumar makarantu ta riƙa shata yankunan ɗaukar ɗalibai a kan wannan layi. Da baƙaƙe suka ƙaru, sai farare masu hali suka kwashe iyalansu zuwa garuruwan kewaye, kowane da tasa hukumar makarantu da nasa haraji. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, fiye da kashi biyu cikin uku na ɗaliban birnin baƙaƙe ne. Masu gidaje da masu jefa ƙuri'a kuwa, yawancinsu farare ne da ba su da ɗa ko jika a waɗannan azuzuwa. Tun 1969 ba su sake amincewa da ƙarin harajin makaranta ba. Gine-gine suka ruɓe, rufi na yoyo, silin na faɗowa, warin bayan gida na bin yara har cikin aji.

An shigar da ƙarar a 1977, shekarar da Shugaba Jimmy Carter ya naɗa Clark alƙali. Sai a 1984 ya yanke hukunci cewa jihar da hukumar makarantun birnin sun yi laifin wariya kuma ba su share gurbinta ba. Amma hannunsa a ɗaure yake ta gefe guda. Shekara goma kafin nan, a shari'ar birnin Detroit, Kotun Ƙoli ta ce ba za a tilasta wa garuruwan kewaye su haɗa ɗalibai da cikin birni ba, sai in an tabbatar su ma da hannunsu a laifin. Clark bai samu wannan hujja ba, ya sallame su. To, yaya za a gauraya baƙi da fari a inda farare suka ƙare? Dabarar da lauyan masu ƙara da hukumar makarantu suka kawo, alƙali kuma ya karɓa, ita ce a gina makarantun da kyansu zai sa farare su dawo da ƙafarsu. Sunan da ake kiransu da shi ma ya nuna manufar: makarantun maganaɗisu.

Nan kuɗi ya shigo. Umarnin farko a 1985 ya kai kimanin dala miliyan 88 gaba ɗaya, na inganta koyarwa da gyaran gine-gine. A 1986 aka amince da shirin maganaɗisu na sama da dala miliyan 142, a 1987 aka ƙara miliyan 187 na gine-gine. Alƙali ya raba nauyin, jiha ta ɗauki kashi uku cikin huɗu, hukumar birni kashi ɗaya. Hukumar ba ta da nata kason, dokar jiha kuma ta hana ta ƙara haraji sai da yardar masu zaɓe. In harajin zai haura dala 3 da santi 25, sai an samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Aka yi ta kai maganar gabansu a 1986 da 1987, ba a dace ba. Shi ne Clark ya ga an ƙure masa hanya, ya ɗauki alƙalaminsa.

Abin da ya sa wannan ya girgiza mutane ya fi batun dala biyu. Ya taɓa wata tsohuwar yarjejeniya ce da Amurkawa suka gada daga Ingila, wadda aka sha wuya kafin a ƙulla ta. A shekarun 1630, Sarki Charles na Ɗaya ya ƙi kiran majalisa, ya riƙa karɓar wani haraji da sunan kuɗin jiragen yaƙi. Wani mai gona, John Hampden, ya ƙi biyan sule 20 da aka yanka masa. Aka kai shi gaban alƙalai 12, bakwai suka goyi bayan sarki. A 1641 majalisa ta soke harajin, ta kuma tuhumi wasu daga cikin alƙalan. Daga wannan rikici da yaƙin basasar da ya biyo baya aka fito da ƙa'idar da aka rubuta a 1689, cewa ba a karɓar kuɗin jama'a sai da yardar majalisa. Amurkawa da suka ɓalle daga Ingila a kan rigimar haraji sun dasa ta a tsarin mulkinsu: majalisa ce mai sa haraji, kuma ko sisin kwabo ba ya fita daga baitulmali sai doka ta ware shi. A 1788, lokacin da ake lallashin mutanen New York su karɓi tsarin mulkin, Alexander Hamilton ya kwantar musu da hankali game da kotu da cewa ita ce mafi rauni cikin rassan gwamnati uku, tunda ba ta da soja kuma ba ta riƙe da jaka. Hukunci kawai gare ta.

Hikimar wannan ƙa'ida ba ta da wuyar ganewa. Wanda ya sa hannu a aljihunka, ya kamata ya zama wanda za ka iya korarsa. Dattawanmu na Kano da Kaduna sun san wannan a jikinsu: haraji da jangalin da suka gallabi talaka shekara da shekaru, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa ne suka soke su a 1979, domin da alkawarin hakan talakawa suka zaɓe su. Alƙalin tarayya a Amurka kuwa naɗinsa na rai da rai ne. Ba ya neman ƙuri'a, ba a rage masa albashi, kuma an yi haka ne da gangan domin ya iya faɗin gaskiyar da jama'a ba sa so. Wannan kariya da ta sa ya dace da yanke hukunci, ita ce ta sa bai dace da yanka haraji ba.

Akwai dalili na biyu, wanda ni na fi ba shi nauyi. Ɗan majalisa da ke gaban kasafin kuɗi yana jin koke daga ko'ina. Asibiti na nema, hanya na nema, tsofaffi na nema, makarantar ƙauye na nema, kuɗin kuma ba ya isa, dole ya auna. Alƙali ƙara ɗaya ce a gabansa. Mai jinya a wani gari can, da yaron ƙauyen da ajinsa shi ma ke yoyo, ba su cikin masu ƙara, ba su cikin waɗanda ake ƙara, ba wanda zai tashi ya yi magana da yawunsu. Duk dalar da Missouri ta tura birnin Kansas da umarnin kotu, daga bakin wani aka cire ta, kuma wannan wanin ba a ko sanar da shi ranar zama ba. A wannan shari'a abin ya ƙara muni, domin hukumar makarantun da ake ƙara ita ce ta fara shigar da ƙarar tun asali, kafin alƙali ya mayar da ita layin waɗanda ake tuhuma. Ita da masu ƙara bakinsu ɗaya. Su rubuta abin da suke so, alƙali ya amince, jiha ta biya kaso mafi tsoka.

Sai dai ƙa'idar tana da rami, kuma mutanen Kudancin Amurka sun daɗe da gano shi. In kotu ba ta da iko a kan kuɗi ko kaɗan, to duk hukumar da ba ta son hukunci sai kawai ta ce ba kuɗi. Gundumar Prince Edward ta jihar Virginia ta yi haka ƙiri-ƙiri. Da aka umarce ta ta haɗa yara baƙi da fari, sai ta daina ware wa makarantun gwamnati kuɗi, ta rufe su gaba ɗaya a 1959. 'Ya'yan farare suka koma makarantun kuɗi da tallafin gwamnati, 'ya'yan baƙaƙe da yawa suka zauna a gida, har shekara biyar. A 1964 Kotun Ƙoli ta ce alƙali na iya tilasta wa shugabannin gundumar su yi amfani da ikonsu su tara haraji su buɗe makarantun. Ban ga mai imanin da zai ce kotun ta yi kuskure a nan ba. Haƙƙin da ba a iya tilasta biyan kuɗinsa, a takarda kawai yake.

Da waɗannan hujjoji biyu masu karo da juna aka isa Kotun Ƙoli a Washington. Kafin nan, kotun ɗaukaka ƙara ta riga ta soke ƙarin harajin albashi a 1988, ta bar na gidaje. Ranar 18 ga Afrilu, 1990, Kotun Ƙoli ta ba da hukunci a shari'ar da ake kira Missouri da Jenkins. A kan tambaya ta farko, alƙalan tara ba su saɓa ba: Clark ya yi kuskure da ya yanka harajin da kansa. A kan ta biyu suka rabu biyar da huɗu. Mai shari'a Byron White, da ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya ce akwai hanya mai sauƙi da Clark ya tsallake. Yana iya umartar hukumar makarantu ta ƙara harajin da kanta, sannan ya kawar mata da dokar jihar da ta hana ta, tunda tsarin mulkin tarayya na sama da na jiha.

Mai shari'a Anthony Kennedy, tare da alƙalai Rehnquist da O'Connor da Scalia, bai yarda ba. A ganinsa wannan bambanci na baki ne kawai. Hukumar makarantu ba ta da wani ikon haraji sai wanda jiha ta ba ta. In alƙali ya ba ta ikon da jiha ta hana ta, to alƙalin ne ya sa harajin, ko da hannun wa aka karɓa. Ya kuma lissafo abubuwan da ake saye da kuɗin: ɗakin kallon taurari, gona mai eka 25, zauren kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya da na'urorin tafinta, ɗakunan shirya rediyo da talabijin, kwamfuta 15 a kowane ajin sakandare.

Na daɗe ina juya wannan saɓani a raina. Kennedy ya yi gaskiya cewa mai gidan da takardar haraji ta iso masa ba zai ga bambanci ba. Kuɗin da zai fitar ɗaya ne. Amma bambancin White ba banza ba ne. In hukumar ce ta yanka, akwai mutane masu suna da fuska, zaɓaɓɓu, da za a je ofishinsu a tambaye su me ya sa dala kaza, me aka yi da ta bara. Inda ra'ayin White ya gaza shi ne ya amsa tambayar wa zai karɓi kuɗin, ya bar wadda ta fi ta girma, wato nawa ne ya isa. Matuƙar alƙali ne ke faɗin girman maganin, shi ke faɗin girman harajin. Hakan kuwa aka gani, domin bayan hukuncin harajin bai sauka ba, hawa ya yi har ya kusa dala 5.

Aka ci gaba da gini. Makarantar sakandare ta Central ta samu sabon gida da tafkin ninkaya irin na gasar Olamfik. Aka buɗe makarantun da ake koyarwa da Faransanci, da Jamusanci, da Sifananci. Aka rage yawan yara a aji, aka ƙara wa malamai da ma'aikata albashi. Har da tasi aka riƙa aikawa garuruwan kewaye ta ɗauko ɗaliban farare. Duk da haka waɗanda suka zo ba su taɓa kai 2,000 ba, kuma da yawa ba su daɗe ba.

Abin da ya fi sosa mini rai a duk labarin shi ne halin da iyaye baƙaƙe suka shiga, su da aka yi shari'ar dominsu. Domin a samu gauraya, an ƙayyade cewa a makarantun maganaɗisu a nemi ɗalibai huɗu farare a kan kowane shida baƙaƙe. Da fararen ba su zo ba, sai aka samu kujeru babu kowa a kai, alhali yaran baƙaƙe na cikin jerin jira. Uwa tana ganin sabon gini a unguwarta, an ce mata domin ɗanta aka yi, amma ɗan nata sai ya jira wani yaro daga wani gari ya ga dama ya zo. Wasu iyayen suka fito fili suka yi adawa da shirin. Buƙatarsu ba ta da yawa, malami mai ƙwazo ne da makarantar kusa da gida inda yaro zai iya karatu. Ba su da wanda za su kayar a zaɓe a kan haka, domin wanda ya tsara abin ba ya tsayawa zaɓe. Ashe rashin murya bai tsaya a kan masu biyan haraji kaɗai ba.

Sakamakon jarrabawa bai nuna canjin da aka yi fata ba, tazarar da ke tsakanin yaran baƙaƙe da farare ba ta rufe ba. Jiha ta sake komawa Kotun Ƙoli, kuma ranar 12 ga Yuni, 1995, da ƙuri'a biyar da huɗu, kotun ta ja layin da ta ƙi ja a 1990. Babban alƙali William Rehnquist ya ce dole magani ya tsaya daidai girman cutar da aka tabbatar. An tabbatar da laifi a cikin birnin ne. Saboda haka ba a yarda a riƙa kashe kuɗi domin jawo ɗalibai daga garuruwan da aka riga aka wanke ba, domin wannan bi ta bayan gida ne zuwa abin da hukuncin Detroit ya hana. Ya kuma nuna cewa burin sa makaranta ta yi kyau har ta burge na waje ba shi da iyaka, kowane irin kashe kuɗi zai shige ƙarƙashinsa. Haka nan ba za a ce jiha ta yi ta biya har sai makin yara ya kai na ƙasa baki ɗaya ba, tunda abubuwan da ke danne makin yaro sun fi wariyar makaranta yawa.

Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg, cikin waɗanda suka ƙi, ta tuna wa abokan aikinta cewa zaluncin ya shafe ƙarnuka, gyaran kuwa bai fi 'yan shekaru ba, don haka ya yi wuri a ce an gaji. Maganarta tana da nauyi, kuma ban iya ture ta ba. Bashin da Missouri ta ci na waɗannan yara na gaske ne, kuma kowa ya ci bashi ya san da ranar biya. Inda na rabu da ita shi ne ƙarin shekaru a kan hanyar da ba ta kaiwa ba zai biya bashin ba. Kotu ta iya cewa an yi laifi, ta iya cewa a daina, ta iya cewa a mayar wa wanda aka cuta abin da aka ƙwace. Zaɓar tsakanin tafkin ninkaya da horar da malamai aiki ne na wanda zai iya gwadawa, ya ga bai yi ba, ya sauya a kasafin baɗi, jama'a kuma su hukunta shi in ya ƙi. Umarnin kotu ba ya lanƙwasuwa haka.

Tsarin mulkin Najeriya, wanda ya ari salon shugaba mai cikakken iko daga Amurka tun 1979, ya tsaya a ɗaya ƙarshen igiyar. Kundin 1999 ya ce a sashe na 80 ba a fitar da kuɗi daga asusun tarayya sai yadda doka ta ware, ya yi alkawarin ilimi kyauta a sashe na 18 gwargwadon hali, sannan a sashe na 6 ya hana kotu tambayar ko gwamnati ta cika alkawuran da ke babin da sashe na 18 yake ciki. Ba mu da fargabar alƙali irin Clark. Fargabarmu ita ce ta yaran Prince Edward, waɗanda aka bari a gida aka ce ba kuɗi. Shi ya sa ban ɗauki labarin Kansas a matsayin hujjar a rufe wa kotu baki ba.

A 1997 Clark ya amince da sulhun da jiha za ta biya kimanin dala miliyan 320 ta fita, sannan ya sauka daga shari'ar bayan shekara ashirin yana riƙe da ita. Jimillar abin da aka kashe ya kai wajen dala biliyan 2. A 2000 jiha ta janye wa hukumar makarantun shaidar inganci saboda raunin karatu. A 2003 wani alƙali, Dean Whipple, ya rufe shari'ar. A 2010, da ɗalibai suka ragu zuwa ƙasa da 20,000, hukumar ta rufe kusan rabin makarantunta.

Harajin fa? Da kotu ta fara janye hannu, sai ya zamana ba shi da gindin tsayawa a dokar jiha, kuma in ya faɗi makarantun birnin za su rasa babban kaso na kuɗinsu rana ɗaya. Sai majalisar Missouri ta kai maganar gaban masu zaɓe na jihar baki ɗaya. A watan Afrilu na 1998 suka amince da gyaran tsarin mulkin jihar, wanda ya ba hukumar makarantun birnin Kansas damar riƙe harajin, muddin ta tsaya ƙasa da adadin da kotu ta sa a 1995.